Yadda Ake Shirya Ayari Zuwa Dutsen Kailash

A cikin watan Yuni na 2025 ne rukunin farko na masu ziyara daga ƙasar Indiya ya ƙetare iyaka ya shiga yankin Tibet na ƙasar Sin, bayan hanyar ta shekara biyar a rufe. Mutum 750 kaɗai Gwamnatin Indiya ta bai wa kujera a wannan shekara, alhali kuwa waɗanda suka nema sun haura 5,500, saboda haka sai da aka jefa ƙuri'a da kwamfuta. Abin da duk waɗannan mutane suke ɗokin gani shi ne wani dutse da ake kira Kailash, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 6,638 daga fuskar teku. Yana can wani lungu na yammacin Tibet, inda ba itace, ba gona, iska kuma ba ta isar huhu. Ba hawansa suke zuwa yi ba, domin ba a hawansa. Kewaya shi ake yi da ƙafa, tafiyar kilomita 52, cikin kwana uku.

Idan mutumin Shanga ko na Ngaski ya ji an ce kilomita 52 cikin kwana uku, mai yiwuwa ya yi murmushi. Tafkin Kainji tsawonsa kilomita 136 ne, watau wannan tafiya ko rabin tsawon tafkin ba ta kai ba, kuma akwai manoman da suke yin fiye da sulusinta a ranar kasuwa ɗaya da kaya a ka. To, amma kafin Gwamnatin Indiya ta bar mutum ya tashi, sai ya sa hannu a takarda cewa idan ajali ya same shi a ƙetaren iyaka ya yarda a yi masa jana'iza irin tasu a can, ba sai an komo da gawarsa gida ba. Ba a sa mutum ya rattaba hannu a irin wannan takarda saboda tafiyar kasuwa.

Dutsen Da Addini Huɗu Suke Girmamawa

Waɗanda suka yi makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Sakkwato cikin shekarun 1970 da 1980 ba su manta da malaman lissafi da na kimiyya Indiyawa ba. Waɗansu daga cikin malaman nan mabiya addinin Hindu ne, kuma a wurin ɗan Hindu Kailash shi ne mazaunin abin bautarsu Shiba da matarsa Farbati. Mabiya addinin Buddha na Tibet suna kiransa Gang Rinfoce, suna kuma danganta shi da wani mashahurin mai zuhudu kuma mawaƙi da ake kira Milarefa, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na 11 da na 12. Mabiya addinin Jain sun ce a wannan yanki ne malaminsu na farko ya kai ga matuƙa. Sai kuma 'yan Bon, watau masu tsohon addinin Tibet tun kafin zuwan na Buddha. 'Yan Hindu da 'yan Buddha suna barin dutsen a hannunsu na dama sa'ad da suke kewayawa, su kuwa 'yan Bon a hannun hagu suke barinsa, don haka a kan hanya sukan yi kiciɓis da sauran jama'a fuska da fuska.

Mutanen da suke zaune a bakin kogi ba za su yi mamakin wannan daraja ba. Manyan koguna huɗu na nahiyar Asiya daga wannan yanki suke fitowa, su ne Indus da Sutlej da Brahmaputra da Karnali, na ƙarshen nan kuwa cikin kogin Ganges yake zuba daga bisani. 'Yan Tibet sun yi wa mafarin kowannensu suna da bakin wata halitta: bakin zaki, da bakin giwa, da bakin doki, da bakin dawisu. Miliyoyin manoman Indiya da Pakistan da Bangaladash da ruwan nan suke rayuwa, kamar yadda Gungawa da Kambari da Sarkawa suke rayuwa da Kwara. Kudu da dutsen akwai tafkin Manasarobar, wanda faɗinsa bai wuce sulusin na Kainji ba, amma yana kwance ne a bisa mita 4,590, alhali ruwan Kainji idan ya cika bai wuce kimanin mita 140 daga fuskar teku ba. A cikin wannan tafki aka zuba wani kaso na tokar Mahatma Gandhi a 1948.

Game da hawan dutsen kuwa, babu wanda aka tabbatar ya taɓa taka ƙololuwarsa. A tsakiyar shekarun 1980 an yi wa shahararren mahayin duwatsu Reinhold Messner tayi, ya ƙi. A 2001 labari ya bazu cewa an ba waɗansu 'yan Sifaniya izini, aka yi ta cece-kuce, hukumomin Sin suka musanta, kuma hawan ya zauna a haramce.

Madugu, Jagaba Da Uban Dawaki

Yauri ta san ayari. Kafin jirgin ƙasa da mota, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta ƙasar Yauri take biyowa, a ƙetare Kwara a shiga Bargu, a nufi Salaga. Baturen nan Kyaftin Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ya ce mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka. Taro irin wannan ba ya tafiya kara zube. Akwai madugu, wanda maganarsa ita ce yanke. Akwai jagaba, wanda yake wucewa gaba ya duba hanya ya nemi zango. Akwai uban dawaki, wanda yake sasantawa da sarakunan hanya ya biya fito da gaisuwa. Akwai kuma malamin ayari mai riƙe lissafi da zaɓen ranar tashi.

Duk wanda ya duba ayarin Kailash da kyau zai ga muƙaman nan, sunayensu ne kawai suka sake. A tsarin Gwamnatin Indiya, kowane rukuni yana da jami'in gwamnati da Ma'aikatar Harkokin Waje take naɗawa ya shugabance shi tun daga Delhi har a komo, wannan shi ne madugu. A tsarin kamfanonin Nepal, madugu yakan zama ma'aikacin kamfani, yana tare da 'yan ƙabilar Sherpa masu dafa abinci da kula da marasa ƙarfi. Da zarar an ƙetare iyaka sai a ɗauki jagaba ɗan Tibet mai lasin gwamnatin Sin, domin doka ba ta yarda baƙo ya yi yawo a Tibet shi kaɗai ba. Aikin uban dawaki kuwa ya koma na takardu, kuma shi ne aikin da ya fi cin lokaci.

Ɗan Nijeriya da ya ƙudura wannan tafiya, ko don nazarin ƙasa ko don buɗe ido, sai ya sami bizar ƙasar Sin tukuna. Bayan wannan akwai takardar izinin shiga Tibet, da takardar izinin fita daga Lhasa zuwa lardi, da kuma izinin soja, saboda lardin Ngari inda dutsen yake bakin iyaka ne. Ba mutum ne yake neman waɗannan da kansa ba, kamfani mai rajista a Tibet ne yake nema masa, kuma sai an rubuta kowane zango a cikin takardar. A shingayen hanya sojoji da 'yan sanda suna gwada takarda da fasfo, wanda garin da ya nufa ba ya cikin takardarsa komawa zai yi. Abin yakan ɗauki makonni, ga shi kuma a yawancin shekaru hukuma takan rufe Tibet ga baƙi a wajajen Fabrairu da Maris. Ma'aikacin gwamnati da ya saba da yawon fayil daga tebur zuwa tebur ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Muhimmancin jagora da na hakkin masu ƙasa wani darasi ne da aka koya a bakin Kwara tun shekara 200 da suka wuce. Mungo Park ya taso daga Sansanding cikin Nuwamba 1805 a jirgin ruwa, tare da wani jagora kuma tafinta mai suna Amadi Fatuma, wanda yarjejeniyarsu ta ƙare da isa ƙasar Hausa. A Yauri Amadi ya sauka. Bisa ga labarin da shi Amadi ya bayar daga baya, Park ya ba da kyauta a kai wa Sarki, amma wanda aka danƙa wa ya danne, Sarki ya ɗauka baƙon ya wuce ba gaisuwa. Jirgin ya ci gaba ba mai jin harshen ƙasa a cikinsa, ba wanda ya san hanyar ruwa, ya je ya maƙale a duwatsun Busa, nan Park ya halaka a farkon 1806. Tsohuwar Busa yau tana ƙarƙashin tafki tun da aka gama madatsar Kainji a 1968.

Ƙofofi Huɗu, Kowace Da Ƙayarta

Babu hanyar zuwa Kailash da siyasa ko damina ba ta taɓa toshewa ba. Hanyar Indiya ta rufe sakamakon yaƙin da aka gwabza tsakanin Indiya da Sin a 1962, ba a sake buɗe ta ba sai 1981. Wannan tsohuwar hanya ta mashigin Lipulekh take bi, a Jihar Uttarakhand, kuma a da kwanaki ake yi ana taka sayyada a gefen kwazazzabon kogin Kali. A nan ne masifa ta auku ran 18 ga Agusta 1998, sa'ad da dutse ya zaftaro cikin dare ya binne ƙauyen Malpa. Mutum fiye da 200 suka mutu, 60 daga cikinsu masu ziyara ne da suka yada zango a wurin. A cikin Mayu 2020 Indiya ta buɗe hanyar mota mai kilomita 80 zuwa kusa da mashigin, nan take Nepal ta yi ƙorafi, domin ita ma tana da'awar wannan yanki nata ne.

Ƙofa ta biyu ita ce Nathu La a Jihar Sikkim, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 2015. Kusan duk tafiyarta a mota ake yi, don haka tsofaffi sun fi sonta. A 2017 Sin ta rufe ta saboda zaman doya da manja da sojojin ƙasashen biyu suka yi a Doklam. Daga 2020 kuma annobar korona da rikicin kan iyaka na kwarin Galwan suka tsayar da ziyarar baki ɗaya har zuwa 2025. Ƙofofin nan biyu na 'yan ƙasar Indiya ne kaɗai, kowace tafiya kuma takan ci kimanin mako uku.

Sauran mutanen duniya ta Nepal suke bi, ko kuwa ta Lhasa. Daga Katmandu akan shiga mota zuwa iyakar Rasuwagadhi a shiga Kerung. Wannan ita ta maye gurbin tsohuwar hanyar Kodari, wadda girgizar ƙasa ta 2015 ta lalata. Ita ma ba ta tsira ba, don a cikin Yuli 2025 ambaliya ta tafi da gadar iyakar ana tsakar lokacin ziyara. Masu gaggawa da masu hali sukan ɗauki ƙaramin jirgin sama daga Nepalgunj zuwa Simikot, daga nan jirgi mai saukar ungulu ya kai su Hilsa a bakin iyaka. A cikin Yuli 2018 hazo da ruwan sama suka hana jirage tashi, Indiyawa kimanin 1,500 suka maƙale a waɗannan ƙananan garuruwa da ba su da masauki ko asibitin da zai ɗauke su. Ta Lhasa kuwa tafiyar mota ce ta fiye da kilomita 1,200, kwana uku ko huɗu, ta Shigatse da Saga. Ita ta fi nisa, ita kuma likitoci suka fi yabawa, saboda dalilin da za a gani nan gaba.

Zaɓen lokaci ma da wuya. Daga Mayu zuwa Satumba ne ƙanƙara take barin hanyar kewayen dutsen. Amma a cikin Yuli da Agusta damina takan sauka a kudancin duwatsun Himalaya, inda hanyoyin Indiya da Nepal suke, ƙasa ta jiƙa ta riƙa zaftarewa. Watau sa'ad da ƙofar ciki take buɗe, a lokacin ne zauren waje yake yoyo. Madugun kirki yakan ƙara kwana biyu ko uku a cikin lissafinsa saboda jira, ya kuma gaya wa mutanensa haka tun kafin su biya kuɗi.

Abokin Gaban Da Ba A Gani

Fataken Gwanja sun san 'yan fashi, sun san ƙishirwa da kogi da cizon tsando. Abu ɗaya ne ba su taɓa gamuwa da shi ba, shi ne ƙarancin iska, kuma shi ne yake kashe mutane a hanyar Kailash. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Garin Darcen, inda ake fara kewayen Kailash, yana kan kimanin mita 4,600, watau ƙasan tafiyar ya kusa ninka ƙololuwar Nijeriya. Mashigin Dolma La, wuri mafi tudu a hanyar, ya haura mita 5,600. Kaɗan ya rage ya kamo ƙololuwar Kilimanjaro mai mita 5,895.

Ɗalibai sun karanta cewa kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne. Wannan kaso ba ya sakewa ko a bisa dutse. Abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar da take danna ƙasa, ta yadda a mita 5,500 kowane numfashi rabin abin da yake kawowa a bakin teku yake kawowa. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Sai dai kwanaki yake bukata, ba sa'o'i ba. Ƙa'idar da likitocin duwatsu suka shimfiɗa ita ce, idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda.

To, a gwada wannan ƙa'ida da hanyoyin da aka ambata. Garin Nepalgunj yana kan mita 150 ne, kusan daidai da bakin tafkin Kainji. Cikin ƙasa da sa'a ɗaya jirgi yake sauke mutum a Simikot, mita 2,900, washegari kuma yana iya kwana a Purang, kusa da mita 3,900. Wanda ya biyo mota ta Kerung yakan tashi daga kimanin mita 2,800 ya kwana a Saga, wajen mita 4,500, a yini ɗaya. Duka biyun sun karya ƙa'ida, abin da yake gyara su kawai shi ne kwanakin hutu da ake sakawa a tsakani. Kwanakin nan kuwa su ne farkon abin da kamfani mai neman araha yake yankewa, saboda kowane kwana kuɗin masauki ne da na mota da na abinci. Mai neman kujera idan ya ga tsari biyu, ɗaya na kwana 10 ɗaya na kwana 14, bambancin ba na shaƙatawa ba ne. Kwana huɗun nan na jininsa ne.

Ciwon yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci da ƙin abinci. Wannan mataki yakan wuce idan an tsaya an huta. Idan aka ci gaba da hawa, yana iya rikiɗa zuwa ɗayan biyu. Ko dai ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, yana tari mai kumfa, ko kuwa ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya rikice, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu. Jagora mai horo yakan ja layi a ƙasa ya ce wa mutum ya bi shi dunduniya na taɓa yatsa. Wanda ya kasa, ba shawara za a yi da shi ba, saukar da shi za a yi ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar magani mai suna acetazolamide da take taimaka wa jiki ya saba, akwai kuma tukunyar oksijin da kowace motar ayari ya kamata ta ɗauka, amma maganin gaskiya shi ne gangarawa. A nan ne Tibet take da wata matsala tata: ƙasar duk tudu ce shimfiɗaɗɗe, babu kwari a kusa. Wanda ya kamu a bayan dutsen sai an ɗauko shi zuwa Darcen, daga nan a yi tafiyar mota mai nisa zuwa Purang kafin a sami sauƙin iska. Jirgin ceto irin wanda ake kira a duwatsun Nepal ba abin dogara ba ne a wannan ɓangare.

Abin mamaki, ƙarfi da ƙuruciya ba sa kare mutum. Sau da yawa saurayi mai ji da kansa shi yake fara faɗuwa, saboda ya ƙi tafiya sannu. Duk da haka Gwamnatin Indiya ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba ko wanda ya haura 70. Tana auna nauyin mutum da tsawonsa, tana gwada zuciya da huhu a Delhi, sa'an nan likitocin 'yan sandan kan iyaka su sake gwaji a bisa dutse, a Gunji ga masu bin Lipulekh. Wanda ya faɗi gwajin a nan juyawa yake yi, ko da ya sayar da gona ya biya kuɗin.

Akwai wani gwaji da ya shafi mutanen ƙasar nan fiye da yawancin masu zuwa can, shi ne na sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya jininsa AS ne, watau yana ɗauke da rabin gadon cutar, lafiyarsa lau, da yawa ma ba su san suna da shi ba. A bisa tudu mai tsanani, inda oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayoyin jinin irin wannan mutum suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini na saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Jagoran da ya saba da baƙi daga Turai ba lalle ne wannan ya faɗo masa a rai ba. Saboda haka ɗan Yelwa ko Wara da yake tunanin Kailash, ko Kilimanjaro ma, asibiti zai fara zuwa a gwada jininsa kafin ofishin biza. Mai SS kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce.

Duk wannan ya komo kan ikon madugu. Mutumin da ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya zo ya ga dutsen da idonsa, ba ya son a ce masa ya tsaya. Zai ɓoye ciwon kansa, zai yi roƙo, wani ma ya yi barazanar ƙara. Mutanen Ngaski sun ga abin da lodi fiye da ƙima yake jawowa, tun da jirgin ruwan nan ya nutse kusa da Wara cikin Mayu 2021 da fasinjoji masu yawan gaske. Mai jirgi da madugu aikinsu ɗaya ne a wannan fuska, dole su iya cewa a'a ga wanda kuɗinsa yake hannu. Wannan ne abin da ya kamata a bincika game da kamfani kafin a tambayi irin masaukinsa: mutum nawa ne a rukuni, ma'aikata nawa ne suke tafe da su, wa yake da ikon mayar da mara lafiya, kuma wa zai raka shi idan an mayar.

Kwana Uku A Bayan Dutse

A Darcen ake ajiye manyan akwatuna. Nan ake hayar 'yan dako da dawaki da wani irin sa mai dogon gashi da ake kira yak, wanda shi ne jakin wannan ƙasa. Guzuri ba shi da yawa: riguna masu ɗumi da ake sawa ɗaya bisa ɗaya, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da baƙin tabarau saboda hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido, da ruwan sha mai yawa. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka ko a watan Yuni ruwa yakan daskare da dare. Haka nan ruwa yakan tafasa tun a wajen digiri 85, shinkafa ba ta nuna da wuri, sai da tukunya mai murfin matse tururi.

Ranar farko akan bi ta Tarboce, inda a bikin Saga Dawa, ran cikar watan huɗu na kalandar Tibet, ake tayar da wani dogon turke mai ɗauke da tutocin addu'a. Daga nan a bi kwarin kogin Lha Cu, kimanin kilomita 20, zuwa gidan ibada na Dirapuk, wanda yake fuskantar arewacin dutsen, baƙin bango miƙaƙƙe da farar ƙanƙara a kansa. Kwana a nan yana kusa da mita 5,000, barci ba ya samuwa sosai. A nan madugu yake tace mutanensa, domin daga Dirapuk ana iya komawa Darcen ta hanyar da aka zo, amma wanda ya wuce mashigi ba shi da zaɓi sai gaba.

Rana ta biyu ita ce tafiyar. Tun kafin asuba ake tashi da tocila, saboda a ƙetare mashigin kafin iskar rana ta taso. Hawan mita 700 ne cikin duwatsu, taku goma a tsaya a yi numfashi. A hanya akwai wani wuri mai suna Shiwatsal, inda masu ziyara suke barin tsohuwar riga ko gashin kai, alamar sun rabu da tsohuwar rayuwa. A bisa Dolma La ba a daɗewa, jagora yakan ba da 'yan mintoci ya ce a gangara. Gangaren yana da tsini ƙwarai, har wanda ya yi hayar doki sai ya sauka ya taka da ƙafarsa, abin da masu sayar da kujera ba kullum suke faɗa wa tsofaffi ba. A hannun dama can ƙasa ga ƙaramin tafkin Gauri Kund, wanda yawancin shekara a daskare yake. Bayan an sauka akwai sauran doguwar tafiya a kwari zuwa gidan ibada na Zutulpuk, inda aka ce Milarefa ya zauna a kogo. Jimillar yinin kimanin kilomita 20 ne, masu rauni sukan yi sa'a 10 ko fiye a kai.

Duk sa'ad da baƙo yake wannan fama, 'yan Tibet suna wuce shi, tsofaffi da mata masu goyo, da yawansu a yini ɗaya suke gama kilomita 52 ɗin. Akwai kuma masu auna hanyar da jikinsu: su kwanta rub da ciki, su miƙa hannu, su tashi su tsaya inda yatsunsu suka kai, su sake kwantawa. Waɗannan sukan yi mako biyu zuwa uku. A wurinsu kewaye ɗaya yana wanke zunubin rayuwa guda, 108 kuwa ita ce matuƙa. A shekarar Doki ta kalandarsu, wadda take zagayowa bayan kowace shekara 12, kewaye ɗaya yana daidai da 13. Shekarar 2014 ta Doki ce, haka ma 2026, kuma a irin wannan shekara masauki da dawaki sukan yi wuya, sai wanda madugunsa ya kama tun da wuri.

Rana ta uku tafiyar kimanin kilomita 12 ce a shimfiɗe, ana bin kogi har kwarin ya buɗe, tafkunan kudu su bayyana daga nesa. Motocin ayari sukan jira a bakin kwarin. A Darcen ake sallamar masu yak da 'yan dako, jagaba ya ƙirga mutanensa ya gwada da sunayen da suke cikin takardar izini, domin rukunin da ya shigo tare, tare ake so ya fita a shingen iyaka.